Baƙuwar Filgona Ta Ƙi Cin Abinci

Idan ka je kasuwar Sondu ka ga tulunan ruwa masu karkataccen baki jere a gindin mangwaro, to na Filgona ne. Kada ka kuskura ka tambaye ta me ya karkatar da su, sai dai in ka shirya jin yadda naka bakin ya karkace. Da can ba haka tukwanenta suke ba. Duk faɗin yankinmu na Nyakach babu maginiyar da ke zagaye bakin tulu kamar ta, hannun nan nata na dama in ya bi yumɓu sau ɗaya ba ya komawa gyara.

Ita ba 'yar nan ba ce, aure ne ya kawo ta, shi ya sa har yau muke ce mata 'Yar Kabonyo, da sunan garinsu. Farkon aurensu da marigayi Ogweno can ƙasan fadama suka zauna, kusa da kogi. Tana da tsohon ciki kogin ya yi ambaliya, mijin kuwa yana kan tafki wajen kamun kifi. Ta taka ruwa har ƙugu ta hau tudu, ta buga gida aka ce babu wuri, ta buga na gaba aka ce ta ƙara gaba. A bayan rumbun wata tsohuwa da ba ta taɓa gani ba naƙuda ta kayar da ita, a nan ta haifi 'yarta Aoko. Tsohuwar ta shigar da ita ɗakin girki, ta yanka mata kazarta guda ɗaya tilo. Da 'ya'yan tsohuwar suka fara ƙunƙuni cewa baƙuwa ta daɗe, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce musu, "Mai jego ba ta tashi daga gidana sai ranar da ta ga dama. Wanda abin ya dama, shi ya tashi." Filgona ba ta ko riƙe sunan tsohuwar ba, amma wannan maganar ta zauna mata daram.

Bayan mutuwar Ogweno ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidan, Aoko tana aiki a birnin Kisumu. In ka ce ita kaɗai ma ka yi ƙarya, don akwai maƙwabciyarta Turfosa. Shingen aguwa ne kawai ya raba gidajensu, kuma tun suna amare suke zagin juna ta saman shingen nan, safe da yamma, kamar aikin da aka ɗauke su.

"'Yar Kabonyo, hayaƙin tukwanenki zai kashe ni!"

"Ai da na ƙara ciyawa, in na san yana aiki."

"Muryarki ce ta kori faston da ya gabata, kowa ya sani."

"Naki tuwon ne ya kore shi, har yau yana asibiti."

Haka suke. In ɗaya ta kwanta ciwo, ɗayar ce za ta kawo kunu, tana ajiyewa tana cewa, "Sha, kada ki mutu ki bar ni da kurame."

To, shekarar da abin ya faru damina ta yi gardama. Masara ta tsiro ta ƙone, shanu sun koma ƙashi da fata. Filgona ta gina tukwane ɗaki guda, ta cika ramin da take gasa su da busasshiyar ciyawa da kashin shanu, sai jiran ranar kunna wuta. Ranar ta zo, ta je ta janye ciyawar sama don ta jera tukwane, sai ta ga ƙasan ramin yana numfashi. Mesa ce, kaurinta ya kai cinyar mutum, ta naɗe kanta tsibi guda, ta ɗora haɓa a sama tana kallonta. Ta tsakanin naɗin ana hango fararen ƙwai.

Kada wani ya ce maka Filgona ba ta ji tsoro ba. Ta zunduma ihu, ta zuba a guje har ta bar takalmi ɗaya, sai da ta kai bakin ƙofar gida ta tsaya tana haki. Matar da ba ta taɓa kiwon abin da ya wuce akuya ba! Amma tana tsaye a nan ƙwayayen suka dawo mata a ido. Ta koma a hankali ta ɗauki takalminta, ta ce, "To, sannu da zuwa. Ba ki yi sallama ba, amma kin zo."

Kowa a nan ya san abin da kakanni suka ce: mesar da ta shigo gida da kanta ta yi ƙwai baƙuwa ce, ruwan sama take kawowa, ba a korarta. Kafin rana ta yi tsaka gidan Filgona ya cika maƙil. Mata na guɗa, tsofaffi na cire hula. Aka kawo kaji, aka kawo ɗan akuya, aka kawo tuwon masara da miyar kifi, wata baiwar Allah har da shayi da burodi ta ajiye a bakin ramin. Mesa ko kallo. Aka jefa mata zakara, ya hau bayanta ya yi cara ya sauko abinsa. Washegari haka, jibi haka, mako ya zagayo haka, sama kuma fes babu ko ɗigon gajimare.

Daga nan magana ta juya. Mu nan in baƙo ya zauna a gidanka ya ƙi taɓa abincinka, to akwai abin da ke tsakaninku, kuma laifin na mai gida ne. Aka fara raɗa a bakin rijiya: baƙuwa ta ƙi abincin 'Yar Kabonyo, shi ya sa ruwa ya ƙi sauka. Wasu suka ce hannunta ne ba tsarki, wasu suka ce ai dama bakinta ya isa ya kori damina. Samarin wani coci kuma suka ce Shaiɗan ne kwance a ramin, ga ciyawa a shirye, ashana ɗaya ta isa.

Odundo, yayan marigayi mijinta, shi ya zo da baro da buhuna da samari a bayansa. Dattijo ne mai son a ce shi ya gyara.

"'Yar Kabonyo," in ji shi, "mun zauna mun duba. Baƙuwar kakanni ba ta cin abinci a gidan da babu namiji. Za mu mayar da ita gidana, ita da ƙwanta."

"Yaya, sannu da tunani. Kazarka in ta kwanta kan ƙwai, tuwo kake ɗura mata?"

"Kaza kike haɗawa da baƙuwar kakanni?"

"Uwa nake haɗawa da uwa. Kai ka taɓa kwanci? Ka taɓa haihuwa? To me ka sani a ciki?"

Samari suka ƙunshe dariya. Odundo ya murtuke fuska ya ce, "Garin nan gaba ɗaya yana ƙonewa saboda taurin kanki."

"Ya ƙone. Mai jego ba ta tashi daga gidana sai ranar da ta ga dama. Wanda ya taɓa ramin nan, da baro ko da ashana, na rantse da kabarin ƙaninka sai ya fara bi ta kaina."

Ta ɗauki taɓarya ta raka su har waje, ta jawo ƙaya ta toshe ƙofar gidan. Daga ranar babu mai shiga, babu masu guɗa, babu masu shayi da burodi. Turfosa ta leƙo ta saman shinge ta ce, "Kin kori mutane kin zauna da maciji, dama can ke ya dace da ke." Filgona ta ce, "Ita dai ba ta da surutu, ta fi wasu."

Mutum ɗaya ta buɗe wa ƙaya, wani ma'aikacin gandun daji da labari ya kai masa, ya zo a kan babur. Ya duba ramin daga nesa, sannan ya ce Filgona ce da gaskiya, mesa mai kwanci ba ta cin komai sai ta ƙyanƙyashe, kuma in aka ɗaga ta yanzu ƙwan ya lalace. Filgona ta ɗaga murya ta ce, "Ɗana, ƙara faɗa da ƙarfi, akwai kunnuwa a bayan shingen nan."

"Amma Mama, ki saurare ni," ya ce. "Ranar da ta gama, ranar ce abin tsoro. Yunwar watanni ce a cikinta. Kada ki matso ramin nan ke kaɗai, kuma kada ki zo da warin kaza a hannunki."

"Haba ɗana, ta san ni. Kullum da safe ina yi mata waƙar coci."

"Mama, ba ta da kunne."

"To tana kallona."

"Ba ta san ki ba, Mama. Wari ta sani, da ɗumin jiki. In ta kama mutum, ba a ja, haƙoranta baya suke kallo. Kuma ba a kokawa da tsakiyarta, daga wutsiya ake warware ta."

Sai ga muryar Turfosa daga bayan aguwa: "Maimaita na wutsiyar nan, yaro, akuyata ta yi kuka ban ji ba!"

Ya maimaita. Filgona ta yi tsaki, ta ba shi ruwa ya sha, ta sallame shi. Abin da ta riƙe a maganarsa shi ne inda ya ce gaskiyarta. Sauran ya bi iska.

Zaman da ya biyo baya ba daɗi, kada in yi maka ƙarya. Ramin gashin tukwane ɗaya gare ta, kuma baƙuwa na ciki, ga tukwane ɗanyu ɗaki guda suna bushewa suna tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Babu gashi babu kasuwa. Ta koma cin ganyen wake da ɗan garin rogo, ta sayar da kajinta har saura ɗaya, wata jar kaza da ta ƙi rabuwa da ita. In ta je rijiya mata su ɗauke kai. Ta kafa wa ramin rumfar ciyawa saboda rana, ta ajiye kasko da ruwa, ta mayar da turken akuya can gaban gida. Wani lokaci in za ta zuba ruwan nan, mesar takan ja wani dogon huci da ake ji har cikin ƙashi. Tana tsoro tana zuwa, tana zuwa tana tsoro.

Aoko ta kira ta a waya tana kuka. "Mama, don Allah ki bari a ɗauke abin nan. Mutane na cewa kin haukace."

"Ke a ina aka haife ki?"

"Mama, kin faɗa mini sau dubu."

"To ki ji na dubu da ɗaya. A bayan rumbun mutane na zubar da ke, kuma babu wanda ya zo da baro."

Wata safiya ta je zuba ruwa ta tarar ƙwayayen sun fashe. 'Yan ƙananan mesa, kowace kamar tsawon hannu, suna ta kai da komo a kan uwar. Filgona ta zauna a ƙasa daɓas ta yi kuka, kukan daɗi, tana cewa, "Barka, barka da sauka." Bayan 'yan kwanaki yaran suka fara watsewa cikin ciyawa, suka bar uwar kwance. A nan ne Filgona ta ga yadda ta rame. Fatar ta yi yaushi ta saki, ƙashin baya ya fito zara-zara. Tausayi ya kama ta.

Ta kama jar kazar nan ta yanka, ta fige ta da hannunta. Sai ta tsaya tana tunani a bakin ramin. Jefa mata za ta yi? Kare ake jefa wa abinci. Ita kam, lokacin da tsohuwar nan ta kawo mata romo, durƙusawa ta yi ta miƙa mata hannu da hannu. Duk matar da ta san ciwon kanta a ƙasar nan haka take ba mai jego abinci. Filgona ta durƙusa a bakin ramin, rana tsaka, gida a toshe da ƙaya, jinin kaza har gwiwar hannu, ta miƙa.

Ba ta ga tahowarta ba. Ji kawai ta yi kamar an maka mata itace, sai ga hannunta da kazar duka a cikin bakin mesa. Ta manta da maganar yaron gandun daji ta fizga, haƙoran suka ƙara nutsewa. Kafin ta buɗe baki naɗi ɗaya ya hau hannun, na biyu ya zagaye ƙugunta ya matse. Ta nemi ihu, iska ta ƙi fita.

A daidai lokacin Turfosa tana tuƙa tuwo a bayan shinge. Ta ji ƙaurin fiffiken kaza tun ɗazu, sai ta ɗaga murya: "Yau kuma kaza aka yanka? Ashe matsiyata ma suna biki!" Ta dakata tana jiran amsa. Shiru. "'Yar Kabonyo, kin kurumce ne kamar ƙawar taki?" Shiru. Tun da suke, ba a taɓa jefa wa Filgona magana ta faɗi ƙasa ba. Turfosa ta bar tukunya a kan wuta, da muciya a hannu ta faɗa cikin aguwa ta keta ta, tana kururuwar da ta tashi unguwa gaba ɗaya.

Maza suka tsallako ƙaya da adduna, Odundo a gaba. Ya ɗaga adda zai sare wuyan mesar, sai Filgona ta ɗora hannunta na hagu a kan wuyan, daidai inda addar za ta sauka. Idonta ya yi ja, leɓenta ya bushe, muryar da ƙyar take fita.

"Sare... ka haɗa da nawa."

"Ke mahaukaciya ce? Kashe ki take yi!"

"A gidana... ba a kashe baƙo."

"Ajiye addar nan, tsohon banza, ka kama wutsiya!" Turfosa ce ta daka masa tsawa, kuma tunda aka haifi Odundo mace ba ta taɓa ce masa haka ba. Ya ajiye. Shi da samari suka kama wutsiyar, Turfosa na ba da umarni: "Ba ja ba, zagayawa! Ku zagaya ta, kamar kuna kwance ɗamara! Kai mai jar riga, uwarka ce za ta riƙe maka?" Suka zagaya, mesa na murɗewa tana watsa musu kashi mai wari, har naɗin ƙugu ya saki, Filgona ta ja numfashi mai ƙara. Turfosa ta cusa muciyar tuwo a gefen bakin mesar ta banƙare, ta kama hannun Filgona ta tura shi ciki tukuna sannan ta zaro shi. Abin da ya fito ba ya kallo. Kazar kuwa ta zauna a haƙoran mesar, ta ja da baya da ita cikin ramin.

Aka ɗaure hannun da ɗankwalin Turfosa, aka kira ɗan acaɓa. Odundo ya sake ɗaukar addarsa, samari suka kewaye ramin. Filgona da aka riga aka ɗora a kan babur ta zamo ta sauko, ta tafi tana tangaɗi ta zauna a bakin ramin, jini na ɗiga ta cikin ɗankwali.

"Ba inda za ni."

"Za ki mutu a nan!" in ji Turfosa, hawaye na zuba, tana zaginta.

"To ku yi shiru ku kalla, in mutu da wuri."

Suka kalla. Mesar ta juya kazar a baki ta nemo kan, ta buɗe muƙamuƙi, ta shiga haɗiya a hankali, a gaban Odundo, a gaban matan rijiya da suka cika shinge, a gaban samarin ashana. Da ƙafafun kazar suka shige, Filgona ta ɗago kai ta dubi yayan mijinta.

"Yaya, ta ci ko ba ta ci ba?"

Odundo ya dubi ƙasa.

"Tambayarka nake, da ƙarfi, mutanen rijiya su ji. Baƙuwata ta ci abincina ko ba ta ci ba?"

"Ta ci," ya ce.

"To mai adda ya mayar da ita gida. Turfosa, ki zauna a nan da taɓarya har ta tafi da ƙafarta."

"Wace ƙafar, shashasha?" in ji Turfosa. Amma ta zauna, tuwonta ya ƙone ƙurmus a kan wuta.

Filgona na kwance a asibiti mesar ta fita da kanta, aka ga sawunta a ƙasa ya nufi kogi. Ruwa ya sauka daga baya. Wasu suka ce albarkar baƙuwa ce, wasu suka ce dama lokacinsa ne, ni dai ban shiga wannan gardamar ba. An ɗinke hannun, amma yatsun ba su ƙara lanƙwasawa ba, kuma da hannun nan take zagaye bakin tulu. Ranar da ta fara gini bayan ta dawo, ta dubi abin da ya fito ta yi kuka sosai, a ɓoye, sai dai shingen aguwa ba ya ɓoye komai. Washegari Turfosa ta zo ta sayi tulun, tana cewa dama tana neman abin tsorata ɓeraye.

Aoko ta zo daga Kisumu ta zauna tana shafa wa uwar mai a tabon, ta ce, "Mama, yanzu dai kin gani. Cinye ki ta so yi."

"Kaza ta kama, hannuna ne ya shiga tsakani."

"To in wata ta sake zuwa ramin nan fa?"

Filgona ta daɗe tana kallon yatsun da suka sandare, ta gwada dunƙule su suka ƙi.

"Sai in nemi doguwar sanda," ta ce.